Yadda zaka tada tsohuwar Fijo 504 da ta kwanta: jagora ga ƙannena masu son tsofaffin motoci

Tun ranar da na fito da 504 ɗina kan titi bayan ta shekara goma sha ɗaya a kwance ƙarƙashin dalbejiya, tambayoyi uku ake ta jero min, kuma yawanci samari ne 'yan sha takwas zuwa ashirin da biyar, har da 'yan mata biyu da suka fi mazan naci: Yaya ta ina ake farawa, nawa zata ci, wanda bai taɓa riƙe sifana ba zai iya? Zai iya wallahi. Na ji daɗin tambayar nan ƙwarai, don kullum ina ganin 'yan gwangwan suna wucewa da gawar motocin nan an sassare su da gatari za'a auna a kilo, motocin da suka kai iyayenmu asibiti suka ɗauko amare suka kai alhazai filin jirgi. In ku matasa baku ɗauka ba to babu mai ɗauka.

Abu ɗaya nake so ku riƙe kafin mu shiga, wato jerin aiki. Takarda, tsatsa, birki, inji, waya, sannan fenti da kujeru. Duk motar da na gani an fara aikinta an watsar, in ka bincika zaka tarar jerin nan aka birkita.

1. Zaɓen mota

Shawarata ka fara da Fijo 504, salun ko wagon ko akori-kura. Ba wai Marsandi ko ƙwaron Volkswagen basu da kyau bane, a'a, dalilin shine a nan Kaduna kamfanin Fijo na Najeriya, wato PAN, ya riƙa haɗa 504 a Kakuri tun 1975 har tsakiyar shekarun 2000, saboda haka kayanta sun cika ƙasa, masu saninta kuma suna raye. Babu kwamfuta a jikinta, babu sensa, komai ido na gani hannu na kaiwa. Injin fetur iri biyu zaka fi haɗuwa dasu, mai 1796cc da ake kira XM7 da mai 1971cc wato XN1, shi wannan na biyun har a 505 an sa shi, kaga kenan hanyar samun kayansa ta ƙaru.

In zaka je dubawa ka tafi da rana tsaka, da tocila, da ƙaramin maganaɗisu, da sukudireba. Inji bai dame ni ba sosai, inji ana gyarawa. Jiki nake so ka duba. Ɗaga kafet ka caka sukudireba a ƙasan direba da na fasinja, duba dogon ƙarfen dake ƙarƙashin ƙofofi, ƙasan but, mazaunin batir, gefen gilashin gaba da na baya inda ruwa ke kwanciya ƙarƙashin roba, da kuma saman inda shokazoba na gaba ya ɗaure a cikin bonet. Bi jikin da maganaɗisu, inda ya ƙi kamawa bodi-fila aka cusa a wurin. Motar da ta zauna a Arewa ta fi wadda ta sha iskar teku a Legas ko Fatakwal lafiyar jiki nesa ba kusa ba.

Gargaɗi: motar da ta daɗe a ajiye gidan kunama ce da maciji da zirnaƙo. Kada ka zura hannu ƙarƙashin kujera ko bayan dashbod haka kawai, buɗe ƙofofi duka, bubbuga da sanda, ka bar ta ta sha iska tukuna.

In ka ga tsatsa ta ci wurin da shokazoba ko ƙafar baya ke ɗaure, ko ka tsaya daga gaba ka ga motar ta karkace alamar ta taɓa mummunan hatsari, yi godiya ka tafi ko kyauta za'a baka.

2. Takardu, da maganar gado

Nan ne samari suka fi gaggawa kuma nan ne aka fi kuka. Yawancin motocin nan na dattawa ne, wasu sun rasu. In mai ita na raye kaje da ladabi, ka durƙusa ka gaida shi, kada ka fara da nawa ne. Ce masa Baba ina sha'awar motar nan ne, so nake in tada ta ba yanka ta zan yi ba. Zaka sha mamakin yadda wannan kalmar ke tausasa dattijo, da yawansu sun hana 'yan gwangwan ne don basa son ganin an sare ta.

In kuwa ya rasu, motar ta magada ce dukansu. Ko da babanka ne. Kada ka zuba ko kwabo sai an raba gado ko duk magada sun amince a rubuce da shaidu cewa an sayar maka ko an bar maka. Na ga yaron da ya shekara yana aiki akan motar mahaifinsu, ranar da ta fito tana ƙyalli sai 'yan uba suka tuna suna da haƙƙi, kuma a shari'a suna dashi ɗin, aka yi mata kuɗi da sabon farashinta wahalarsa ta tafi a banza.

Ka karɓi duk tsohuwar takarda da ke akwai, ka gwada lambar shasi da lambar inji dake jikin motar da wadda ke rubuce, harafi da harafi. A rubuta yarjejeniyar ciniki da sa hannun shaidu, sannan kaje ofishin lasin a canza sunan mai mota. Lasin da takardar lafiyar mota da inshora zasu iya jira sai ta kusa hawa titi, inshorar nan ta dole ta motar gida naira 15,000 ce tun farkon 2023. Amma canjin suna kada ya jira.

3. Nemo dattijon makanike

Da tsohuwar zuma ake magani. A kowane gari akwai tsohon makaniken Fijo da yanzu aiki ya yi masa ƙaranci saboda kowa ya koma Toyota da Honda, yana zaune akan benci a gareji da ilimin shekara arba'in a kansa babu mai tambaya. Nemo shi. Ka faɗa masa gaskiya cewa so kake ka koya da hannunka, shi ya tsaya a kanka, kuma ku yi maganar abin da zaka riƙa bashi tun farko, kada ka ɗauka ilimi kyauta ne don mai shi tsoho ne. Irin waɗannan mutanen da kunne suke gane ciwon inji, wani ma ya ɗora sukudireba a jikin inji ya kara kunne a ƙotar ya faɗa maka bawul na nawa ke ƙara.

Ku kuma iyaye da yayye, dan Allah in yaro ya nuna sha'awar wannan abu kada a ce masa aikin banza ne ko me za'a yi da akwala. Yaron da ya tada mota guda daga kwance ya koyi inji, ya koyi wuta, ya koyi walda, ya koyi ciniki da lissafin kuɗi da haƙuri, kuma duk ranar Asabar kun san inda yake. Ku bashi wuri a gida, ku saya masa sifanu ko da saiti ɗaya ne, in ya ɓata abu kada a ƙwace sifanar daga hannunsa, a nuna masa ya sake.

Ka nemi littafin gyaran 504 ma, akwai na Haynes da Turanci, 'yan uwanmu na Nijar kuma akwai Revue Technique da Faransanci. Dattijo zai baka dabara, littafi zai baka awo.

4. Wuri, kayan aiki da kuɗi

Wuri mai inuwa, ƙasa mai tauri a daidaice, inda motar zata iya shekara babu mai cewa a matsar. Kayan farko basu da yawa: saitin sifana da soket daga 8 zuwa 24, sukudireba iri biyu, filaya, guduma, jak mai kyau, ƙafafun ƙarfe huɗu na ɗora mota, burushin ƙarfe, man fesawa mai sassauta tsatsa, filageji na auna tazara, mitar wuta, da abin kashe gobara. Sifanar awo ta ɗaure tof-silinda, wato kan inji, da na'urar gwada matsin inji aro zaka yi, ba sai ka saya ba.

Gargaɗi: kada ka taɓa shiga ƙarƙashin mota tana kan jak kawai. Kuma kada ka ɗora ta akan bulon siminti, yana fashewa lokaci guda babu sanarwa. Ƙafafun ƙarfe ko katako mai kauri, ka sa waigi a tayoyi, ka girgiza motar da ƙarfi kafin ka shiga.

Batun kuɗi. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu 2023 naira ta zube, farashin kayan mota baya kwana biyu a wuri ɗaya, don haka ka ɗauki littafi ka shiga kasuwa da ƙafarka, Panteka in kana Kaduna, Ƙofar Ruwa in kana Kano, Apo in kana Abuja, ka tambayi shago uku akan kowane abu ka rubuta. Abin da zan iya faɗa maka daga tawa shine yadda kuɗin ya rabu. Kuɗin sayen motar shine mafi ƙanƙanta a duk lissafin. In aka kasa abin da na kashe gida goma, walda da fenti sun ci huɗu, inji da lagireto biyu, birki da ƙafa da tayoyi biyu, kujeru da robobi ɗaya, wuta da batir da takardu ɗaya. Duk lissafin da kayi ka ƙara kashi ɗaya bisa uku a kai, don sai ka kwance abu kake ganin abin da ke bayansa. Kuma kada ka ci bashi saboda wannan aiki, da albashi ko ɗan cinikinka zaka riƙa yi kaɗan-kaɗan, tawa wata goma sha huɗu ta ɗauka, Asabar da Lahadi kawai.

5. Wanki da hoto, kafin ka kwance komai

Fitar da duk tarkace, share kashin ɓera da hanci a rufe, wanke inji da kananzir da burushi. Sannan ka ɗauki waya kayi ta ɗaukar hoto, kowace waya inda ta shiga, kowane tiyo, kowane sifirin na kafireta. Duk notin da ka cire ka sa a leda ka rubuta daga ina ya fito.

Babban kuskuren masu farawa shine zumuɗi, a sati ɗaya su kwance mota gaba ɗaya ta koma tsibin ƙarafa a tsakar gida, bayan wata uku babu wanda ya san me ke shiga ina, yara sun yi wasa da rabin notunan. Ɓangare ɗaya zaka kwance, ka gyara, ka mayar, sannan ka taɓa na gaba. Kuma kada ka yar da tsohon kaya ko ya mutu sai sabon ya hau ya zauna, dashi zaka je kasuwa a gwada, sau da yawa ma tsohon na asali in an gyara ya fi sabon jabu ƙarko.

6. Tsatsar ƙasa da walda

Yanzu ne za'a toshe ramukan ƙasa da duk wurin da ke ɗauke da nauyi, gyaran loɓa na ado ka bar shi sai mataki na goma. A cire kujeru da kafet. Ka tsaya akan mai walda, ka ce a yanke ruɓaɓɓen ƙarfen har sai an kai mai lafiya, a yanko sabon falle daidai ramin a haɗa baki da baki. Abin da suka saba shine su ɗora faci akan tsatsar su shafe da fila, damina biyu ta dawo fiye da da. Bayan walda a goge, a shafa jan fenti mai hana tsatsa ciki da waje.

Gargaɗi mai girma: a sauke tankin mai a kai shi nesa kafin a kunna wuta, a cire kan batir da wayar otaneta. Tankin da babu mai a ciki ya fi cikakke haɗari don tururin ne ke fashewa. In tankin na yoyo kada ka bari kowa ya kai masa wuta a gabanka, nemo wani a Panteka.

7. Birki da ƙafa

Mota ta iya tsayawa kafin ta iya tafiya, wannan bana sassauci a kai. Man birki yana shan ruwa daga iska, bayan shekaru a ajiye duk ciki ya yi tsatsa robobin sun mutu. Canza robobin masta, wato babban famfon birki, ko mastan gaba ɗaya, buɗe kalifa na gaba, wato abin da ke matse faifan birki, a goge fistin, yawancin 504 na nan gida dram ne a baya to a duba ƙananan silindan ciki da shu, a canza duk tiyon roba na birki ko da a ido lafiyarsu ƙalau, ta ciki suke kumbura. Bi bututun ƙarfe da tocila daga gaba har baya. Zuba sabon mai DOT 3 ko DOT 4 daga rufaffiyar gwangwani, a fitar da iska ana farawa daga tayar da ta fi nisa da masta, mutum ɗaya na taka feda ɗaya na buɗe noti. Kulocin 504 ma da mai yake aiki, famfon sama da na ƙasa duk ka musu irin wannan hidimar.

Gargaɗi: ƙurar cikin tsohon dram kada ka hura ta da baki ko da iskar kwamfireso, tsofaffin shu na iya ƙunsar asbestos mai lalata huhu. Jiƙa tsumma ka goge. Kuma man birki na cin fenti, wani dalilin kenan da yasa fenti ke zuwa daga baya.

A ƙafa ka duba bushin, boljoyin, tayarod, shokazoba da boris na wili. Tayoyi kuwa ko zanensu sabo fil ne sun mutu da zama. A gefen taya akwai lamba huɗu, misali 2319 na nufin sati na 23 a 2019, ka koyi karanta ta kafin a sayar maka da tsohuwa a matsayin sabuwa. A birki da taya araha bata ado.

8. Tada inji

Ga inda daɗin yake, ga kuma inda ake kashe inji mai lafiya cikin minti ɗaya. Kada ka kawo batir ka murza makulli don ka ji ko zata tashi. Bi a hankali.

Cire filogi huɗun, zuba kamar cokali biyu na baƙin mai a kowane rami, bar shi kwana biyu ko uku. Sa soket a notin fulin gaba ka juya injin da hannu. In ya juya sumul alhamdulillahi. In ya ƙi kada ka sa bututu ka danna da ƙarfi, ƙara mai ka ƙara kwanaki, in har yanzu ya ƙi to buɗewa za'a yi. Juye tsohon baƙin mai ka kalle shi da kyau, in ya yi fari kamar madara ruwa ya shiga. Sa sabon fita da sabon mai wajen lita 4.

Tsohon fetur ya zama danƙo, kada ko ɗigo ya kai kafireta. A wanke tanki, a canza tiyon mai duka da fitar mai, a kwance kafireta a wanke kowane jet. Sabon kwantak da kwandensa da filogi da fanbel. Tazarar kwantak 0.40mm. Bawul ana saita su inji na sanyi, na shiga 0.10mm na fita 0.25mm, ka sake gwadawa da littafinka. Jerin wuta 1-3-4-2 ne, amma ga abin da ke rikita wanda ya saba da motar Japan: a Fijo silinda na ɗaya shine na baya wajen giyabos, ba na gaba wajen fanka ba. Mutane sun kwana suna neman laifin da babu saboda wannan kaɗai.

Kafin ka mayar da filogi, cire wayar koyil ka yi ta bada kik a taƙaice har fitilar baƙin mai ta mutu, alamar mai ya zaga ko'ina. Nan ne kuma lokacin gwada matsi, lambobin silinda huɗun su kusanci juna, in ɗaya ya faɗi ƙasa da sauran fiye da kashi goma cikin ɗari akwai magana a bawul ko ringi. Sannan ka mayar da filogi, a fito da motar fili, abin kashe gobara a hannun wani, ka yi bismillah ka tada.

Gargaɗi: kada wani ya riƙa tsiyaya fetur a bakin kafireta ana bada kik. In ta yi tari wuta ke fitowa ta sama, hannu da fuska take kamawa, na ga wanda ya ƙone haka kuma har yau tabon na nan.

In ta tashi ido akan fitilar mai da allurar zafi, ka leƙa ƙasa ko akwai yoyo. Lagireto a kai a wanke shi, tiyon ruwa a canza. Za'a ce maka cire tamostat wai ƙasarmu da zafi, ni ban yarda ba, sa sabo, inji da zafinsa na daidai yake son aiki. Kuma ka daina zuba ruwan rijiya ko na bohol zalla, tof-silindan alminiyon ne, gishirin ruwan ke cinye shi, sayi ruwan kulan na gaske, wato ruwan sanyaya inji.

In dole sai an buɗe tof-silinda ga abin da zaka rubuta a bango: silindan injin nan hannun riga ne da ake zarewa, ruwa ke zagaye dasu. Da zarar an ɗaga kan, kada kowa ya juya inji sai an danne su da washa da noti, in suka motsa hatimin ƙasansu ya tashi ruwa zai riƙa gangarawa cikin baƙin mai, sai an sake kwance komai. Wajen mayarwa a ɗaure da sifanar awo daga tsakiya zuwa gefe, ba da ƙarfin damtse ba.

Za'a kuma zuga ka ka cire injin ka dasa na wata motar Japan. In burinka tada tsohuwar mota ne bar mata nata, shine darajarta.

9. Wayarin

Ɓera ya riga ka zuwa nan, tabbas. In zaka taɓa wuta cire kan batir na nagetif tukuna, wajen mayarwa shine na ƙarshe. Goge duk inda wayar as, wato ta nagetif, ta ɗaure a jikin mota har ƙarfe ya yi haske, rabin matsalar fitilun tsohuwar mota daga nan take. Duba akwatin fis, duk inda aka naɗa zaren waya ko takardar sigari a madadin fis cire ka sa na gaske daidai lambarsa, wannan dabarar ita ke ƙona motoci. In ka kira mai wayarin ka hana shi yanke tsohuwar waya ya ja sabuwa ta ko'ina mai launi ɗaya, a bi ta asali a gyara inda ta lalace a rufe da kyau. Fitilun gaba, sigina, fitilar birki, hon, waifa, caji, duk su yi aiki kafin ka wuce.

Daga nan ka yi takardun hawa titi ka riƙa ɗan zagaya unguwa da ita haka da tsohon fentinta, sati uku ko huɗu. Duk wani yoyo da ƙara da zafi yanzu kake so su bayyana.

10. Gyaran jiki da fenti

Sai yanzu. Kafin ka ba mai fenti aiki kaje ka ga motar da ya fesa shekara biyu da suka wuce, ba ta jiya ba. A cire bamba, fitilu, hannun ƙofa, ƙarafan ado da alamar zaki, in da hali har gilasai, kada a manna takarda a fesa a kansu. Fanel-bita ya buga loɓa ya fito da ƙarfen, fila shafe ce siririya ba gini ba. Sai faraima, a goge da samfefa, a sake, a nan kyan fenti yake ba a fesawar ƙarshe ba. Launi kuwa ɗaga robar ƙofa ko ka duba cikin but inda rana bata taɓa ba zaka ga na asali, shi nake so ka mayar, in ka canza kuma dole takardu su nuna.

Kada a fesa ranar da hazon hunturu ya sauko ko ana iska, ƙura zata zauna a ciki, haka ma ranar da hadari ya haɗo. A yayyafa ruwa a ƙasan wurin kafin a fara.

Gargaɗi: fentin zamani mai hadina, wato sinadarin da ke sa shi tauri, guba ne ga huhu, takunkumin tsumma baya tare shi. In zaka tsaya wurin ka sa na gaske mai gwangwani, in babu tsaya waje.

Kada ka biya kuɗin aiki duka a farko. Kashi uku: na kaya, na tsakiya bayan ka ga faraima da idonka, ciko ranar ɗauka. Wani mai fenti ya riƙe min mota wata biyu saboda na biya shi duka rana ɗaya, kullum gobe.

11. Ciki da ƙananan kaya

Masu ɗinkin kujerar mota na nan ko'ina kuma sun iya, kai musu tsohuwar rigar kujerar su kwaikwayi ɗinkin, a canza soso. Robobin ƙofa da na gilashi ka sa sababbi in ba haka ba damina ɗaya zata mayar da kai mataki na shida. Abin da zai baka wahala shine ƙananan kaya, gilashin fitilar baya na asali, murfin wili, agogon dashbod, hannun taga. Ka bar lambarka wurin masu tsofaffin kaya, ka ƙulla zumunci da 'yan gwangwan na unguwarku su kira ka duk ranar da aka kawo 504 kafin su sare. Bel ɗin kujera in ya tsufa canza shi.

12. Kilomita dubun farko

In an yi wa injin aiki, kada ka wuce gudun kilomita 80 a awa, kada ka bar shi yana nishi a babbar giya, kada ka cika mota da abokai ka kama hanyar Zariya ranar farko. Kowace safiya kafin ka tada duba baƙin mai, ruwa da man birki, ka leƙa ƙasan inda ta kwana. A but ka ajiye fanbel, kwantak, kwandensa, fis, galan ɗin ruwa da sifanunka. Da ta cika kilomita 1,000 ka juye baƙin mai da fita, a sake ɗaure tof-silinda da sifanar awo inji na sanyi, a sake saita bawul, a bi notunan ƙafa da na wili ɗaya bayan ɗaya.

In mai motar na asali yana raye, ko Hajiyar da ya bari, ranar Juma'ar da ta biyo baya ka wanke ta ka kai musu har ƙofar gida su gani, ka ɗauki dattijon makanikenka a gidan gaba.